Kamu Fuɗu na Waya

Yau kwana talatin da uku da rasuwar maigidana. Ina cikin takaba, ba na fita, kuma ban taɓa riƙe alƙalami ba tun da nake. Shi ya sa na aika aka kira min ƙanena, wanda ya tsufa yana koyarwa a makarantar elemantare, na ce ya zauna a bakin ƙofar ɗakina da takardarsa. Ni nake faɗa, shi yake rubutawa. Inda aka ga magana ta katse, kuka ne ya katse ta.

An zo gaisuwa, ban raina ba. Kebbe ta zo, Fakku garin iyayena ta zo, daga Tambuwal ma an cika mota guda. Mata suka zauna a tsakar gida suna yabonsa, ina jin su daga ɗaka. Wata ta ce, "Allah shi jiƙan Soja, bai iya faɗa ba." Wata ta ce, "Tocilata sau uku shina gyara min, ko goro bai amsa ba." Amma duk yabon da aka ɗauko, sai a sauke shi a wuri guda. Murya ta yi ƙasa, a ce, "Sai dai abin nan na inji." Wata ta amsa, "Ai kowane gwani da ranar tuntuɓensa." Sai su tuna ina kusa, su koma salati.

Cikin duk waɗanda suka zo, mutum biyu ne suka sa na kira ƙanena.

Na farko manomi ne daga Dogon Daji. Shekara fuɗu ke nan ba ya gaisawa da maigidana, in sun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Ƙanensa ne maciji ya sara a gona, daminar shekarar da injin ɗakin magani na Tambuwal ya ƙone. Aka kawo shi, aka tarar maganin maciji ya lalace, don akwatin sanyin da ake ajiye shi ya mutu tare da injin. Kafin a sami motar Sakkwato, ya cika. Maigidana shi ne mai kula da wannan inji. Ranar sadakar uku manomin ya tsaya bayan asabarin ƙofata ya ce, "Uwargida, ya hanƙuri? Na zo in faɗa miki da bakina. Abin da mijinki yaj ja muna, na yafe mishi duniya da lahira. Shi kwanta lafiya." Na yi masa godiya ina kuka. Na ji daɗi har cikin raina, don a ranar ban san abin da na sani yau ba.

Na biyu tsohon malamin asibitin Tambuwal ne, abokin aikinsa. Ya gama addu'a bai tashi ba. Can ya ce, "Uwargida, abu guda ni ka juyawa har yau. Ran da injin nan yaƙ ƙone, ni da shi munka shiga ɗakin da gudu. Na ga allurar mita da idona, bisa shida take. Shi kuwa fuɗu yac ce min za ta tsaya. Mutumin da bai taɓa kuskuren ɗaya ba, ina shi ina kuskuren biyu?" Na ce masa Allah kaɗai ne ba ya kuskure. Ya ce haka ne, ya ɗauki takalmansa. Shidan nan kuwa ta zauna min a kunne.

Bari in faɗi ko wane ne shi, kafin in zo ga shidan.

An kai ni gidansa ina yarinya, shi kuma yana noma da sassaƙar ƙota. Da aka yi babban yaƙi aka ɗebe shi soja, aka haye da shi teku. Wasu sun dawo da labarin bindiga, shi ya dawo da labarin waya. A can aka sa shi cikin masu kula da batura da injin wuta, ya koyi abin a hannun wani Bature da ya ce bai taɓa jin ya yi dariya ba. Karatun boko bai wuce lambobi ba, amma lambobin ya riƙe su kamar yadda mahaddaci ke riƙe allonsa.

Mutum ne dogo, marar yawan magana. In zai taɓa waya, hannu guda yake sa wa aiki, ɗayan ya cusa cikin aljihu. Mutanen Tambuwal suka ɗauka taƙamar soja ce, har wani dillali ya ce masa, "Soja, hannun nan na hagu sarauta anka ba shi?" Ya ce, "Ajiya ta. In wuta ta ɗauki na dama, da wanga za ni ci tuwo." Dillalin ya ce tuwo da hagu ai haramun ne. Ya ce, "To ka ga dalilin da ni ka lallaɓa na daman." Batir kuwa da harshe yake ɗanɗana ƙananan, ya yamutsa fuska ya ce wannan da saura, wannan ya mutu. Maganarsa guda ce, har na gaji da jinta: "A auna kafin a taɓa." Ko miya na ce ya ɗanɗana, sai ya faɗe ta.

Haihuwa shida na yi masa, ɗiya guda Allah ya bar mana, tana aure can nesa. Da ya rasu ta zo, ta yi kwana bakwai, ta koma ga nata 'ya'yan. Saboda haka yawancin zamanmu mu biyu ne a gida, shi da ni. Ina jin shi ya sa yake yi min zancen wuta, don ba shi da wani da zai yi wa.

Shekarar da aka sami mulkin kai aka kawo wa ɗakin magani injin. Tsohon inji ne, an yi masa sabon fenti. Aikinsa ya riƙe akwatin sanyi da ƙwan fitila uku. Da aka nemi mai kula da shi ba a yi dogon nema ba. Ranar da maigida ya sa rigar aiki ta kaki ya fita, na leƙa ta zaure ina kallonsa har ya sha kwana. Safe da yamma yana ɗakin injin, yana goge shi kamar dokin sarki. A bango akwai mita biyu masu allura, ɗaya ta turi, ɗaya ta gudu.

Waɗannan sunaye nasa ne. Ya ce Turawa bolt suke cewa, da amfiya, da om, da wat, amma ni da nasa na riƙe su. Wata rana da la'asar ina tsince gero ya ce, "Kin san ruwan lambu? Jigo shi ɗaga ruwa, ruwan shi turo, wanga shi na turi. Yawan da ka wucewa cikin hanyar, shi na gudu. Hanyar kuwa in ta ƙuntata, ta yi ciyawa, ruwa na wahala kafin shi wuce. Ita ta gardama. Kowace waya da gardamarta."

Na ce, "Har waya ma gardama gare ta?"

Ya ce, "Ba ta kai taki ba."

Yana da gwangwanin madara da 'ya'yan tsamiya ashirin da fuɗu a ciki. Kowane ɗa a bakin goma yake, duka ɗari biyu da arba'in ke nan, wato turin injinsa. Da su yake lissafi a ƙasa, kamar mai dara. In ya raba turi da gudu, gardama ta fito. In ya ninka turi da gudu, ya sami abin da yake kira ci, wato nauyin da wuta ke ɗora wa inji.

A shekara ta biyu ya ɗauko wani tunani. Allurai da almakasai a risho ake dafa su, kananzir kuwa yakan yanke, sai a koma itace, tukunya ta yi baƙi. Ya ce zai yi murhun lantarki. Malamin asibiti ya ce, "Soja, bar wa inji abin da anka ɗora mishi." Ya ce zai riƙa cire akwatin sanyi da fitilu na ɗan lokacin dahuwa, kuma lissafi ya nuna inji zai ɗauka. Ya sa maginiyar tukwane ta yi masa faifan yumɓu mai kwarmi a murɗe kamar katantanwa. Ya yi saƙo wurin wani direba aka kawo masa wata siririyar waya mai ƙyalli, wadda ya ce ba ta tsatsa, in ta sha wuta ja take yi ba ta narke ba.

Ranar da zai yanke ta ya juye 'ya'yan tsamiyar gabana. Ya ce, "Gudu fuɗu ni ka so. Raba min su kashi fuɗu."

Na raba, kowane kashi ya tashi shida.

Ya ce, "Nawa ke nan?"

Na ce, "Sittin."

"Gardama sittin ni ka nema. Wayar ga, kowane kamu biyar gare shi. Kamu goma sha biyu ke nan. Ci kuwa, ɗari biyu da arba'in sau fuɗu, dubu ba arba'in. Inji dubu shi ka ɗauka."

Na ce, "Ashe ka bar mishi arba'in shi sha iska."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce da an sa ni boko da na kori malamai. Na ji daɗin maganar, na yi kamar ban ji ba. Ya auna wayar da hannunsa sau biyu, ya yanke, ya naɗe ta a jikin ƙusa zagaye bisa zagaye, har kamu goma sha biyun nan suka dunƙule ba su fi tsawon tafin hannu ba. Ya ƙulle ta a tsumma ya ajiye a kan rumbu, ya tafi masallaci.

Ina da masaki, babbar ƙwarya ce da uwata ta ba ni daga Fakku, ita ma a wurin tata uwar ta samu. A ciki nake ajiye gari. Sati biyu kafin nan akuya ta ture shi ya tsage daga baki har gindi, gyartai mai ɗinkin ƙwarya kuma kasuwa biyu bai zo ba. Na dubi tsumman nan. Waya ce siririya, mai laushi, ba ta tsatsa. Na ce a raina, itace in ka rage, wuta ta ragu. Lagwani in ka rage, fitila ta rage shan kananzir. To waya ma in na ɗan rage, ai sauƙi na yi wa inji. Na sa wuƙa na yanki faɗin yatsa uku, na mayar da saura na ƙulle. Da na warware ɗan guntun sai na ga ya yi ta miƙewa, har na yi mamaki. Na huda masaki da basilla, na ɗinke shi tsaf, wayar ta ishe ni daidai. Ban faɗa masa ba, don na san zai ce na taɓa masa kaya. Ban kuma ɗauka na yi wani abin faɗa ba.

Washegari kasuwa ce. Ya tafi da tsummansa, ya ja naɗin ya shimfiɗa cikin kwarmin faifan, ya ɗora tukunya, ya tayar da inji. Bai tsaya duba allura ba, don a daidai lokacin aka shigo da wani Bafulatani da sa ya soka, ana neman hannu a riƙe shi a ɗinke. Ya daɗe a can. Warin ƙuna ne ya dawo da su.

Da azahar ya shigo gida, rigarsa da baƙi, hannunsa na dama a kumbure. Ina zaune ina tankaɗe cikin masaki. Ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallon ƙasa, ko abin da na ɗauka ƙasa ne. Na ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Inji ya ƙone." Ya nemi ruwa ya sha.

Mutum biyu suka zo bincike daga Sakkwato. Suka tambaye shi me ya hana fiyus tsinkewa, wato ɗan abin nan da ke yankewa in wuta ta yi yawa. Ya ce na asali ya daɗe da ƙonewa, ba a aiko da wani ba, shi ya ɗaura waya mai kauri a wurin. Wannan nasa ne, ba zan ɓoye masa ba, kamar yadda rashin duba allura nasa ne. Sai suka ce to me ya kawo yawan wutar tun farko? Ya ce, "Lissafina yak kuskure." Suka rubuta, suka karɓe makulli. Damina ta faɗi, aka kawo ƙanen manomin nan. Daga nan yara suka fara bin sa da "Mai-lissafi, nawa ne biyu da biyu?" Wata uku muka iya. Muka kwashe kaya zuwa Kebbe, inda yake da gonar gado.

A motar da ta kawo mu, hanya duk rami, ya bar akwatin kayan aikinsa a baya cikin buhuna, masakina kuwa ya rungume shi a cinya tun daga Tambuwal. Na ce ya kawo in riƙe. Ya ce, "Bar shi, ɗinkinsa sabo na."

Faɗa guda muka taɓa yi mai suna faɗa, a shekararmu ta farko a Kebbe. Gero bai yi ba, ba ni da ƙawa ko guda a unguwar, rijiya da nisa. Na dawo da tulu na tarar da shi a gindin ɗorawa yana jera 'ya'yan tsamiyarsa. Raina ya ɓaci. Na sa ƙafa na watsa su. Na ce, "Har yanzu ba su ishe ka ba? Kai da lissafinka kun raba mu da gidanmu, kun sa ana nuna ni a rijiya, kun ja ran ɗan mutane. An ce ka bari, ka ce kai gwani na!" Na faɗi abin da ya fi haka, ba zan maimaita ba. Ya bar ni har na gaji. Ya durƙusa yana tsince su ɗaya ɗaya cikin ƙasa, yana ƙirgawa. Da suka cika ya rufe gwangwani ya ce, "Kin yi gaskiya. A auna kafin a taɓa, ni ban auna ba." Ya ɗauki tulun da na dire a tsakar gida ya kai min madafi. Ƙanena, dakata kaɗan.

To, rubuta.

A Kebbe babu inji, sai tocila da rediyon batir ɗai-ɗai. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buhu ya gyara wa mutane, Fulani su ba shi nono, wasu su ba shi albarka kawai. Akwai wani tsohon makaho maƙwabcinmu da ɗansa ya aiko masa rediyo, ga shi ba ya iya sayen batir kullum. Maigida ya riƙa tara waɗanda mutane suka yar, ya ɗanɗana, ya ware masu saura, ya jera su cikin gora ya haɗa da waya. Ya lissafa yadda turinsu zai kai abin da rediyon ke so. Makahon ya yi shekara biyu yana jin labarun Kaduna bai san da mushen batura yake ji ba. In ya ce, "Soja, batirin ga naka ba shi mutuwa?" sai ya ce, "Na gwamnati na, Baba."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi bayan girbi. Kwana tara ya yi. Ranar ta bakwai da hantsi na shigo da kunu, na tarar idonsa na kan masakin da ke rataye a bango. Ya ce, "Ɗinkin nan ya riƙe."

Na ce, "Ya riƙe."

Ya ce, "Ki bar shi yadda yake. Ko gyartai ya zo, kada ki ba shi."

Na ɗauka zafin ciwo ne. Na ce to, na ɗaga kansa ya sha kunu cokali uku.

Takaba doguwar hanya ce ga wadda ba ta da kowa a gida. Bayan bakwai ƙafa ta ɗauke. Rana takan shigo ta ƙofa da safe, ta taka tabarma a hankali, ta hau bango, ta fita. Ni da ita ke nan. Nakan dafa tuwo in ga na yi malmala biyu. Shekaran jiya da la'asar, don in ji motsin wani abu nasa a hannuna, na ɗauko gwangwanin na juye a ƙasa. Na raba su kashi fuɗu, kamar ranar da ya yi dariya. Shida shida. Sai maganar malamin asibiti ta dawo min. Bisa shida take.

Na tattara su, na raba kashi shida. Kowane kashi ya tashi fuɗu. Arba'in.

Na zauna ina kallonsu. Shi sittin ya nema, arba'in wutar ta tarar. Ashe gudu ya ƙaru ne don gardama ta ragu. Ashe waya ba itace ba ce, ba lagwani ba ce. Gardamar nan ita ce linzamin wuta, wanda ya rage ta ya sakar wa doki kai. Na ninka ɗari biyu da arba'in sau shida, ina ajiye tsinke kowane ɗari, na sami dubu da ɗari fuɗu da arba'in, a kan tsohon injin da dubu yake ɗauka. Ashirin ce ta ɓace daga sittin. Kowane kamu biyar. Kamu fuɗu.

Na sauko da masaki. Na juye garin a faranti. Na sa basilla na warware ɗinkin rami bayan rami. Wayar ta fito tana ƙyalli kamar jiya aka sa ta. Na miƙar da ita, na auna daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Nawa hannun bai kai nasa ba, sai ta ba ni fuɗu da ɗan ɗori.

Maigida ma ya ga allura a kan shida, kafin hayaƙi ya washe ya gama wannan lissafi. Ni kwana talatin na yi da shekara fuɗu. Ya shigo gida ya tsaya a kaina, ba ƙasa yake kallo ba, ɗinkin yake kallo. Ya je gaban mutanen Sakkwato ya ɗauki abu guda da yake taƙama da shi a duniya ya ce shi ne ya kuskure. Ya ci tuwon garin da ke cikin masakin nan shekara fuɗu. Na watsa masa 'ya'yan tsamiya da ƙafa, ya ce na yi gaskiya.

Da na kai nan ɗazu, ƙanena ya ajiye alƙalami. Na ce ya rubuta har gardamar da muka yi, kada ya rage.

Ya ce, "Yaya, kin san abin da kike yi? Shi ya rufa miki asiri har kabari. Ya ce ki bar ɗinki yadda yake. Wasiyya ta. Ke za ki tona abin da yar rufe?"

Na ce, "Ya rufe don in iya zuwa rijiya, don in iya duban idonsa in na miƙa mishi tuwo. Yanzu wa ni ka miƙa wa?"

Ya ce, "Ba da gangan kika yi ba. Ba ki sani ba."

Na ce, "Shi da anka zaga, da gangan yay yi?"

Ya ce, "Mutumin Dogon Daji ya riga ya yafe. Magana ta mutu. In kika tashe ta, ba ki san abin da za shi ce miki ba."

Na ce, "Ya kai yafiyarsa gidan da ba can bashin yake ba, ko in ce ba can kaɗai ba. In na yi shiru na ci abin da ba ni anka ba. Ɗauki alƙalaminka."

Ya ce, "Gardamarki dai, Yaya."

Na ce, "An riga ka faɗi."

Saura kwana bakwai sadakar arba'in. Na roƙi ƙanena, in an gama addu'a kafin a raba waina, ya miƙe a ƙofar gida ya karanta wannan takarda da ƙarfi, yadda matan da ke tsakar gida ma za su ji. Na aika wa malamin asibiti ya zo, don ya huta da juya biyun nan a ransa. Na aika Dogon Daji. Ban san ko manomin zai zo ba. In ya zo, zan sa a miƙa masa wayar ta bayan asabari, ya riƙe ta a hannunsa, ya faɗi abin da ya ga dama. In ya yafe, na gode. In ya kau da kai kamar yadda ya kau wa maigidana shekara fuɗu, to rabona ne ya iso, dama wani ne ya riƙe min shi.

Abin da nake so a riƙe guda ne. Duk wanda zai yi wa mijina addu'a, ya yi, ya tsaya a nan, kada murya ta yi ƙasa. Ya ɗaura waya a gurbin fiyus, bai duba allura ba, waɗannan ya je da su gaban Mai rahama. Amma lissafinsa bai kuskure ba. Sittin ya ce, sittin ce.

Ya Allah, kai da kake rufa asirin wanda ya rufa na wani, ga bawanka nan ya zo maka. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka masa da hasken da ba ya bukatar inji. Ka jiƙan yaron Dogon Daji. Ni kuma ka ba ni ƙarfin zama a bayan asabari ranar nan.

Masakin yana gefena, ya rabu biyu. Jiya na ji muryar gyartai yana wucewa ta bayan gida. Ban kira shi ba.